Me ya sa ɗakin Kaka ya fi namu sanyi?

Duk wanda ya taɓa kwana a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san abin da ke biyo baya idan aka ɗauke wuta da ƙarfe goma na dare. Fanka ta yi juyi biyu-uku ta tsaya. Kafin minti biyar jariri ya tsala kuka, sai ka ji ana jan tabarma ana fitowa tsakar gida, sauro kuma ya ce gaba ta kai shi. Wanda zai rubuta jarrabawa da safe ya rufe littafi, don gumi na ɗiga a kan takarda. Mun saba da wannan har mun daina tambaya. Amma ku tsaya ku duba: rana ta faɗi tun magariba, iskar waje ta fara sassautawa, ɗakin kuwa yana nan kamar gidan burodi. Wa ke hura masa wuta?

Idan muka je hutu ƙauye kuma sai mu tarar da akasin haka. Ɗakin Kaka na ƙasa ne, rufin soro, taga ɗaya 'yar mitsitsiya. Babu fanka, ba a ma ja wayar lantarki zuwa wurin ba. Ka shiga da azahar, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, sai ka ji kamar an watsa maka ruwan randa. Mu da muka zo daga birni da taƙamar gidan bulo da kwano sai mu yi shiru.

Wannan tambaya ta shafe mu fiye da yadda muke zato, domin akasarin gidajen da muke ciki iyayenmu ne suka gina su da kansu. Mahaifi ya sayi fuloti, ya riƙa tara bulo kaɗan-kaɗan, in kuɗi sun samu ya kira birkila, in sun ƙare a tsaya sai baɗi. Ba a zuwa wurin mai zanen gida. A tsaye a filin ake yanke shawarar inda ɗaki zai kalla, da tsawon bango, da inda za a bar taga. A cikin waɗannan 'yan mintoci ake yanke wa gida hukuncin zafi ko sanyi na shekara talatin. Mu ne kuma 'yan ɗebo ruwa da miƙa bulo a ranar, muna tsaye a wurin.

Zafin daga sama yake zuwa

Mu fara da lissafin da ɗan aji huɗu na sakandare zai iya yi. Da tsakar rana, in gari ya yi garau, rana na sauke ƙarfin da ya kai kimanin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita ɗaya. Dutsen guga na lantarki ma kusan wat 1,000 yake ci. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, irin wanda aka fi ginawa, rufinsa ya kai murabba'in mita 13. Ke nan kamar an jera dutsen guga 13 ne a saman ɗakin an kunna su gaba ɗaya.

Ba duk wannan zafi ne ke shiga ba. Wani kaso rufin yana mayar da shi sama, kuma yawan abin da zai mayar ya danganta da launinsa. Fari yana mayar da mafi yawa. Baƙi, da ruwan ƙasa mai duhu, da kwanon da ya yi tsatsa, suna shanye mafi yawa. Abin takaici, kwano mai duhu shi ake yayi yanzu a sababbin unguwanni, don ya fi kyau a ido daga nesa. Mu dai a ganinmu, kyan da zai hana ka barci ba kyau ba ne.

Kwano ƙarfe ne, kuma siriri. Da ya ɗauki zafi a sama, nan take ƙasansa ya ɗauka, ya riƙa feso shi cikin ɗaki kamar yadda garwashi ke feso zafi a fuskar mai gasa masara ko da bai taɓa shi ba. In babu silin, kai tsaye zafin ke sauka a kan mutane da katifa da bango da daɓe. Bulo da siminti su sha su ƙoshi tun safe har la'asar. Da dare, lokacin da muke neman barci, sai su fara amayar da abin da suka sha. Wannan ce amsar tambayarmu ta farko. Ba wanda ke hura wa ɗakin wuta, ranar da ta faɗi ce ta bar ajiya.

Shi ya sa silin ba ado ba ne. Sau da yawa idan kuɗi suka yi ƙasa, shi ake fara yankewa a ce sai daga baya, a tare a haka, daga bayan kuma ba ta zuwa. Alhali da za a jinkirta tayil da fentin waje a sa silin, da an fi morewa. Aikinsa shi ne ya tare zafin da kwano ke fesowa. In aka shimfiɗa wani abu mai riƙe iska a samansa, kamar farin soson nan mara nauyi da ake kare firiji da talabijin da shi a cikin kwali, ko takarda mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon, zafin da zai ratso ya ƙara raguwa. Sirrin irin wannan soso shi ne: iskar da aka tsare wuri guda ba ta iya kai zafi da sauri. Haka bargo yake aiki, haka kular abinci take aiki. Sai dai a nisanta soso daga wayar lantarki don yana kamawa da wuta, kuma in tsohon silin asbestos ne a gidanku, kada ku fasa shi ko ku goge shi, ƙurarsa na lahanta huhu.

Wani abu da kafinta kan manta shi ne ƙofar fitar iska a tsakanin silin da kwano. In aka toshe wurin ruf, iska mai zafi ta taru ta rasa mafita, sai ta dafa silin ɗin shi ma. 'Yan ramuka a gefe biyu na saman bango, a sa musu raga saboda jemage da ɓera, sun wadatar.

Abin da magina suka sani

Mu koma ɗakin Kaka. Bangonsa na tubali ne, wato curin ƙasa da aka cakuɗa da ciyawa aka busar a rana, aka jera aka yaɓe. Kaurinsa a gindi kan ninka na bulo sau biyu ko fiye. Rufin kuma azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, aka jera, aka shimfiɗa zana ko kara, aka zuba ƙasa mai kauri, aka bar indararo don ruwa ya sauka. Zafin rana yana shiga wannan ƙasa, amma tafiyar hawainiya yake yi. Kafin ya ratsa ya iso ciki, sa'o'i da yawa sun wuce, rana ta faɗi. Da asuba bangon ya huce, ya adana sanyin dare, ya riƙa sakinsa da rana. A hunturu kuma sai abin ya juya: ɗumin da ya tara da rana shi ke riƙe mai ɗaki da dare. Wannan dabara ta dace da ƙasarmu domin a nan akwai tazara babba tsakanin zafin rana da sanyin dare.

Maginan da ba su karanta kimiyya a aji ba, amma sun yi aiki da ita. Wanda ke Kano ya shiga Gidan Makama da rana tsaka ya tsaya a ƙarƙashin rufinsa ya ji da jikinsa. A Zariya akwai Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19, da ƙasa da azara, da bakan gizo masu ɗauke da rufi mai tsawo. Tsawon rufin ba don burgewa kaɗai ba ne. Iska mai zafi sama take hawa, don haka in rufi ya yi nisa da kai, zafin ma ya yi nisa da kai. Suna kuma da hanyar kare gini daga ruwa: makuba daga ɓawon ɗorawa, da katsi daga ramin marina, waɗanda ake haɗawa a shafe bango da rufi.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya, ginin ƙasa yana da nasa aibu, kuma iyayenmu ba don wauta suka gudu daga gare shi ba. Yana son yaɓe kusan kowace shekara. In aka yi sakaci da indararo, ko ruwa ya kwanta a gindin bango, damina ɗaya ta isa ta kayar da shi, kuma kowace shekara muna jin labarin gidajen da suka rufta da mutane. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. A tsakiyar bazara ma, idan dare bai yi sanyi ba, soron kan riƙe zafi, shi ya sa mutanen da ke kwana a waje ko a kan soro. Sannan ga maganar mutane. A yau in saurayi ya ce zai kai amarya ɗakin ƙasa, sai dangi su ce talauci ne.

Amma akwai waɗanda suka ɗauki ilimin suka gyara aibun. A garin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, a jihar Tawa ɗin dai, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da ake matsewa a inji, aka gama a 2018. Irin wannan bulo siminti kaɗan ake sa masa, yana da ƙwari da santsi, kuma yana riƙe da halin ƙasa na jinkirta zafi.

Wanda ya fi burge mu shi ne Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso. Ya yi firamare a aji mai zafi da duhu, irin wanda da yawanmu muka sani. Da yake karatun zanen gini a Jamus, tun yana ɗalibi ya tara kuɗi ya dawo ya gina wa ƙauyensu makaranta, aka gama a 2001, mutanen gari ne kuma suka yi aikin da hannunsu. Bai yar da kwano ba. Ɗaga shi ya yi sama a kan ƙarafa, ya bar sarari tsakaninsa da rufin ƙasa na ajin, ya kuma faɗaɗa shi ya zarce bango sosai. Kwanon ya zama laima: yana tare rana da ruwa, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa tana kwashe zafi, iskar aji mai ɗumi na fita ta sama, mai sanyi na shigowa ta taga. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin. Ƙasa, kwano, rodi. Babu abin da babu shi a kasuwar garinku.

Gabas, yamma da taga

Akwai gyaran da ko kwabo ba ya ci, in dai an yi shi kafin a haƙa harsashi. Rana na fitowa gabas ta faɗi yamma, kuma a waɗannan lokuta tana ƙasa-ƙasa, tana dukan bango kai tsaye. Da tsakar rana kuwa a ƙasar Hausa kusan a tsakiyar ka take, bangon kudu da na arewa ba sa shan ta sosai. Don haka a juya gida yadda dogayen bangayensa da manyan tagoginsa za su kalli kudu da arewa, gajerun kuma su kalli gabas da yamma. Bangon yamma shi ne mugu, domin ranar la'asar na dukan sa a daidai lokacin da gari ya gama ɗaukar zafi. A nan ya kamata a sa banɗaki ko ɗakin ajiya, ba ɗakin kwana ba. In an riga an gina, a dasa darbejiya a gefen, nesa kaɗan da bango saboda saiwa, ko a kafa rumfa. Kafinta kuma ya bar bakin kwano ya zarce bango, kada ya yanke shi daidai-wa-daida don tsimi. Wannan zarcewa inuwa ce a bazara, kariya ce a damina, musamman ta gabas inda hadari ya fi tasowa.

Taga ɗaya ba ta shigo da iska, kamar yadda ba za ka iya hura iska cikin kwalba ta wuce ba. Sai da mashiga da mafita. Taga biyu a bango biyu masu kallon juna, ko taga ɗaya da 'yar ƙaramar kafa can sama kusa da silin, su ne ke sa iska ta yi tafiya. Mun san dalilin da ya sa ake ƙin yawan taga: ɓarayi, ƙura, sauro, da idon maƙwabta a gidan da ke da mata. Kafar da ke sama ta fi ƙarfin ido, kuma ƙarfe da raga sun isa sauran.

Lokacin buɗewa ma abin lura ne. A bazara da rana iskar waje ta fi ta ciki zafi, buɗe taga gayyatar zafi ne. A rufe, a saki labule ko asabari, gara ma ta waje, don a tare ranar kafin ta taɓa gilashi. Da dare a buɗe ko'ina bango ya huce. Wannan ba maganar jin daɗi kawai ba ce. Cutar sanƙarau a lokacin zafi da ƙura take bazuwa, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa na taimaka mata. A annobar 1996 mutum fiye da 11,000 ne suka rasu a Najeriya, akasarinsu a Arewa.

Kaskon wuta

Wani zai ce mu da muke kukan zafi me ya haɗa mu da ɗumama ɗaki? Ya tambayi ɗan makarantar kwana a watan Janairu. Sanyin hunturu da asuba kan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas a Kano, a Jos kuwa ya fi haka sauka. Ɗakin kwano mara silin da ya gasa mu a Afrilu shi ne kuma ke daskarar da mu yanzu, don yadda zafi ke shiga da sauƙi haka yake fita.

A nan ne ake yin kuskuren da ke kisa. A cika kasko da gawayi, a shigar da shi ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma, a kwanta. Gawayin da ke ci a wurin da iska ta yi ƙaranci yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. In ta shiga jini tana manne masa fiye da yadda iskar oksijin ke yi sau fiye da 200, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi alhali mutum yana numfashi. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Ita ce dai ke fita daga janareta, shi ya sa ake wayar gari a ji iyali guda sun mutu bayan an kwana da inji a baranda ko a lungun da ke kusa da taga.

In za a ji ɗumi, a ji shi a tsakar gida ko a zaure ƙofa a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta. In kuka shiga ɗaki kuka tarar mutane da yawa na kukan ciwon kai lokaci guda ga wuta ko janareta a kusa, ku buɗe ko'ina, ku fitar da su waje, a tafi asibiti ko da sun ce sun warware. Ɗumin da ba ya kisa shi ne silin, da labule mai kauri, da toshe kafar arewa maso gabas inda iskar hunturu ke shigowa, da barin rana ta shiga ta tagar kudu da hantsi, domin a wannan lokaci na shekara kudu take karkata.

Wani na iya cewa duk wannan wahala ce, a sayi na'urar sanyaya ɗaki a huta. Mu yi lissafi. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Ƙaramar na'ura na cin kimanin wat 1,000. In ta yi sa'a takwas tana aiki, yunit 8 ke nan, naira 1,800 a dare ɗaya, naira 54,000 a wata a wancan farashi. Fankar sama mai cin wat 70 ba ta kai naira 130 ba a dare. Kuma duka biyun sai an kawo wuta. Fanka ma ba ta sanyaya iska, gumin jikinka take busarwa, don haka barin ta tana juyi a ɗakin da ba kowa asara ce. A ɗakin da ba silin kuwa, zafin kwano take turo maka.

Mun san ba sauƙi ba ne yaro ya sa baki a gaban mahaifinsa da birkila. Ba a filin gini za ku tsaya kuna gyara wa manya zance ba. Ku bari sai bayan isha'i, an ci abinci, ku ce: "Baba, an koya mana wani abu a makaranta game da zafin ɗaki, ko zan nuna maka gobe?" Ku samo gwangwanin madara biyu iri ɗaya, ku shafa wa ɗaya baƙin fenti ko baƙin tukunya, ɗayan farin fenti, ku zuba ruwa daidai, ku rufe, ku ajiye su a rana daga hantsi zuwa azahar. Sannan ku roƙe shi ya tsoma yatsa a kowanne. In akwai gwangwani na uku, ku kifa masa kwali a ɗage a kan duwatsu huɗu yadda iska za ta wuce ta ƙarƙashi, kamar rufin makarantar Gando, ku bar shi ya taɓa wannan daga ƙarshe.